Shin Tauraron Ɗan'adam Zai Iya Yin Gargaɗi Kafin Madatsar Ruwa Ta Halitta Ta Ɓalle?

Wani ɗalibin safiyo daga jihar Taraba ya aiko mini da tambaya, ga ta a taƙaice: "Malam, mun taso muna jin cewa an gina dam ɗin Kashimbila ne saboda tsoron kada bangon Tafkin Nyos na Kamaru ya ɓalle, ruwansa ya biyo Kogin Katsina-Ala. Na kuma ji ana cewa da na'urar GPS ake sa ido a kan irin waɗannan madatsu, har a gane motsin milimita. To ni GPS ɗin wayata yakan yi kuskuren mita biyar ko fiye. Ta yaya wannan zai yiwu, kuma shin na'urar za ta iya yin gargaɗi kafin ruwa ya taso?"

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara basira, tambayarka ta taɓo inda gizo ke saƙa. Auna motsin milimita kaɗan da tauraron ɗan'adam abu ne da ake yi kullum, kuma zan bayyana maka yadda ake yinsa. Amma batun gargaɗi ya fi haka nauyi, domin na'urar ba ta san komai ba sai halin da ɗan wurin da aka kafa ta yake ciki, alhali yawancin madatsun halitta ba ta wurin da ake kallo suke karyewa ba.

Mu fara da ita madatsar. Abin da muke kira madatsar ruwa ta halitta shi ne tulin ƙasa da duwatsu da ya tare hanyar ruwa ba tare da hannun mutum ba. Wani lokaci gefen tsauni ne yake zaftarowa ya toshe kogi, sau da yawa bayan girgizar ƙasa ko mamakon ruwan sama. Wani lokaci tarkacen da ƙanƙarar tsaunuka ta turo ne ta bari bayan ta narke ta ja da baya, kamar yadda ake gani a Nepal da Peru. Wani lokaci kuma toka da tsakuwar aman wuta ne suka taru a bakin ramin dutse suka riƙe ruwa, irin na Nyos. Idan ka dubi dam ɗin Tiga da ke Kano, shi ma na ƙasa ne, amma injiniyoyi sun zaɓi ƙasar, sun daddaɓe ta hawa-hawa, sun tanadi mafitar da ruwa zai bi idan ya yi yawa, kuma akwai zanen da za a buɗe a duba abin da ke cikinsa. Madatsar halitta ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. A wani ɓangaren nata za ka tarar da dutse mai girman ɗaki, a kusa da shi kuma rairayi ne da laka, babu wanda ya san yadda suka jeru a ciki.

Saboda haka yawancinsu ba sa daɗewa. A 1988 masana biyu na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, John Costa da Robert Schuster, sun nazarci madatsun zaftarewar ƙasa da suka ɓalle, suka gano cewa kusan rabinsu sun ɓalle ne cikin kwana 10 da samuwarsu, kimanin kashi 85 cikin 100 kuma ba su cika shekara ba, kuma babban sanadin shi ne ruwa ya cika ya haura ta sama ya cinye tulin. A 1786 girgizar ƙasa ta toshe Kogin Dadu a yankin Sichuan na ƙasar Sin, bayan kimanin kwana 10 madatsar ta fashe, kuma tarihin yankin ya ƙiyasta mamatan da kusan mutum 100,000. A 2008, bayan girgizar ƙasar Wenchuan ta ranar 12 ga Mayu, tafkin Tangjiashan ya taru a bayan wani tulin zaftarewa, sai da aka kwashe fiye da mutum 200,000 daga ƙasan kogin, sojoji suka haƙa magudana a saman tulin, ruwan ya zube a watan Yuni. A irin wannan hali abin da ake tsere da shi shi ne hauhawar ruwa, kuma ma'aunin da ya fi kowane muhimmanci shi ne mita nawa suka rage ruwan ya kai baki. Aikin tauraron ɗan'adam ya fi amfani a kan waɗanda suka tsallake wannan shekarar farko suka zauna, har mutane suka yi gonaki da gidaje a ƙarƙashinsu suka manta da su.

Yanzu ga batun wayarka. Taurarin GPS suna yawo ne a nisan kimanin kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowannensu yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta watso sigina mai ɗauke da lokacin da aka aiko shi. Na'urar da ke ƙasa tana auna jinkirin isowar siginar, ta mayar da shi nisa, kuma idan ta sami taurari huɗu ko fiye sai ta lissafa inda take. Matsalar ita ce sigina yana tafiya da saurin haske, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin biliyan na daƙiƙa yana zama kuskuren santimita 30 a ƙasa. Ga shi kuma siginar yana ratso sararin sama na can ƙoli mai ɗauke da cajin lantarki, sannan ya ratso iska da danshin da ke kusa da mu, kowannensu yana jinkirta shi. Wayarka tana karanta lambobin da aka ɗora a kan siginar ne kawai, ta yi ɗan gyara na ƙiyasi, shi ya sa kake ganin kuskuren mita uku zuwa biyar.

Na'urar safiyo tana yin abu uku da waya ba ta yi. Na farko, tana bin ita kanta igiyar da ke ɗauke da siginar. Igiyar da ake kira L1 tana kaɗawa ne a kan megahaz 1575.42, wato tsawon kowane zangonta kimanin santimita 19 ne, kuma na'ura mai kyau tana iya gane inda take a cikin zangon da daidaiton kimanin kashi ɗaya cikin ɗari, abin da bai wuce milimita biyu ba. Ka ɗauka kamar awon yadi ne da wani ɗan guntun ma'auni mai tsawon santimita 19: ragowar da ke ƙarshe kana ganinta sarai, abin da ba ka sani ba shi ne sau nawa aka jera ma'aunin daga tauraro zuwa eriyarka. Gano wannan cikakken adadi shi ne mafi wuyar lissafin, kuma duk lokacin da reshen bishiya ko gefen dutse ya katse siginar, sai an sake gano shi.

Na biyu, ba a aiki da na'ura ɗaya. Ana kafa ɗaya a wurin da ba ya motsi, ita ce uwar tasha, a kafa sauran a kan madatsar. Tun da dukkansu taurari ɗaya suke kallo a lokaci ɗaya, kuma siginar ya ratso kusan sarari ɗaya kafin ya iso gare su, idan aka debe awon wannan daga na waccan sai kuskuren agogo ya fita, mafi yawan kuskuren sararin sama ma ya bi shi, abin da ya rage shi ne tazarar da ke tsakanin eriyoyin biyu. Na uku shi ne haƙuri. Idan kana son amsa nan take, kamar yadda ake yi a hanyar da kuke kira RTK, za ka sami daidaiton santimita ɗaya zuwa biyu a kwance. Idan kuwa ka bar na'urar tana tara bayanai awa 24 sannan ka fitar da matsayi guda, kuskuren yana saukowa zuwa milimita kaɗan. Ka riƙe wannan da kyau, domin shi ne cinikin da ake yi a duk aikin sa ido: duk abin da ka ƙara na sauri ka rage shi a daidaito. Tsayi kuma, wato nutsewa ko tasowa, kuskurensa yakan ninka na kwance sau biyu zuwa uku, saboda taurarin duk a samanka suke, babu wanda ke ƙarƙashin ƙafarka da zai daidaita lissafin.

A nan ne nake son ka tsaya ka yi tunani, domin a nan na ga aiki ya fi lalacewa. Duk motsin da ka auna, motsi ne idan aka kwatanta da uwar tasha. Idan ita ce take motsi, za ka ɗora wa madatsar laifin da ba nata ba, ko kuma, abin da ya fi muni, idan su biyun suna gangarawa tare a kan ƙasa ɗaya, za ka ga kamar komai lafiya. Shekarun baya na yi aikin sa ido a kan wata gangara inda muka kafa uwar tashar a kan ginshiƙin kankare, a fili mai baƙar laka irin wadda takan dare da rani har ƙafar akuya ta faɗa. Watanni biyu da faɗuwar damina sai dukkan tasoshinmu suka nuna nutsewar fiye da santimita ɗaya, a tare, kamar an haɗa baki. Wannan haɗin bakin ne ya sa na yi shakka, domin gangara ba ta motsi bai-ɗaya. Da na je na duƙa a gindin ginshiƙin sai na ga lakar ta sha ruwa ta kumbura, tsagar da na bari a watan Afrilu ta rufe ruf, ta ɗaga ginshiƙin sama. Laifin namu ne, tushen bai kai zurfin da ya kamata ba. Tun daga ranar ba na yarda da uwar tashar da ba a huda fa aka dasa ƙarfenta a ciki ba, kuma ba na yarda da guda ɗaya. Sai biyu ko uku a ɓangarori daban-daban, domin su riƙa shaidar juna. Kada kuma ka manta ita kanta nahiyar Afirka tana gusawa arewa maso gabas da kimanin santimita biyu a shekara, saboda haka wanda ya dogara da tasoshi masu nisa bai cire wannan ba, zai ga motsin da ba na madatsa ba ne.

Wurin da madatsun suke shi ma yana ƙara wahala. Galibinsu a cikin kwazazzabo suke, tsaunuka sun rufe rabin sama, taurarin da ake gani kaɗan ne kuma sun taru a gefe guda. Siginar yakan bugi fuskar dutse ko fuskar tafkin ya dawo wa eriya ta bayan fage, ya gauraya da na ainihi. Wannan kuskure yana da wata alama da za ka gane shi da ita: tsarin taurarin GPS yana maimaita kansa kusan kowace awa 23 da minti 56, don haka idan ka ga wata 'yar karkarwa a jadawalinka tana dawowa kullum tana riga ta jiya da kimanin minti huɗu, to amsa-kuwwar sigina ce. Idan kuma uwar tasha tana can saman tsauni, madatsar tana ƙasan kwari, danshin iskar da ke kansu ya bambanta, debewar ba ta share shi duka, sai ya ɓuya a cikin awon tsayi. Mu da muke kusa da tsakiyar duniya muna da ƙarin tamu matsalar, wato hargitsin da sararin sama na ƙoli yake yi bayan faɗuwar rana, wanda yakan sa na'ura ta saki tauraro ta sake kama shi. Abin da ya kawo sauƙi a 'yan shekarun nan shi ne GPS ya daina zama shi kaɗai. Akwai GLONASS na Rasha, da Galileo na Tarayyar Turai, da BeiDou na Sin wanda aka kammala a 2020, kuma na'urar da ke karɓar dukkansu tana samun isassun taurari ko a cikin ƙuntataccen kwari.

Babban misalin da masu wannan fanni suke komawa gare shi shi ne Tafkin Sarez a tsaunukan Pamir na Tajikistan. A watan Fabrairun 1911 girgizar ƙasa ta zubo da gefen tsauni mai girman kimanin kilomita kubik biyu (kilomita kubik ɗaya shi ne cikin akwati mai tsawo da faɗi da zurfin kilomita ɗai-ɗai), ya binne ƙauyen Usoi, ya toshe Kogin Murghab. Tulin ya haura mita 550 a tsayi, wato ya fi kowane dam da ɗan'adam ya taɓa ginawa, kuma a bayansa akwai ruwan da ya kai kimanin kilomita kubik 16, a tudun da ya wuce mita 3,200 daga fuskar teku. Ruwan bai taɓa haurawa ta sama ba. Yana tsattsafowa ne ta cikin tulin ya ɓullo a matsayin maɓuɓɓugai ta ɗaya gefen, ya bi kwarin Bartang zuwa Kogin Panj da Amu Darya. Abin lura shi ne yawancin masana suna ganin shi kansa tulin, saboda girmansa, ba mai saurin ɓallewa ba ne. Abin da ya fi tayar musu da hankali shi ne gangaren da ke gefen dama na tafkin, wanda yake ja a hankali, domin idan ya faɗa cikin ruwa gaba ɗaya zai iya tayar da igiyar da za ta haura madatsar. An ga irin wannan a Vajont ta Italiya ranar 9 ga Oktoban 1963, inda dam ɗin kankare ya tsaya daram, amma gefen tsauni ya faɗa cikin tafkinsa, ruwa ya tsallake ya kashe kusan mutum 2,000. Darasin da nake so ka ɗauka shi ne wurin da za a dasa eriya ba kan madatsar kaɗai ba ne. Sau da yawa tsaunin da ke leƙen tafkin ya fi buƙatarta. A Sarez an haɗa awon motsin ƙasa da ma'aunin ruwa da na girgizar ƙasa, da hanyar isar da gargaɗi ga ƙauyukan kwarin, kuma daga baya masana daga Sin da Tajikistan sun ƙara tasoshin BeiDou a kan tulin.

To idan bayanan sun zo, me ake nema a cikinsu? Sabon shiga yakan tambayi milimita nawa wurin ya gusa. Ƙwararre yakan tambayi saurin gusawar, da kuma ko saurin yana ƙaruwa. Gangaren da yake tafiyar santimita biyu a shekara tun shekara goma bai kai wanda jiya yake tsaye yau ya fara tafiyar milimita biyu a rana ban tsoro ba. Akwai hanyar da wani masanin Japan, Fukuzono, ya bayyana a 1985, wadda har yau ake amfani da ita: a raba ɗaya da saurin motsin, a zana sakamakon a kan lokaci. A matsayin misali, idan saurin ya tashi daga milimita 2 a rana zuwa 4, sannan zuwa 10, sakamakon zai sauko daga 0.5 zuwa 0.25 zuwa 0.1, kuma inda layin ya nufi sifili nan ne ake zaton faɗuwar. Hanyar tana aiki a kan ƙasar da take ja a hankali kafin ta saki, amma ba ta da abin cewa game da dutse mai tauri da yake karyewa farat ɗaya, ko girgizar ƙasar da za ta zo da tsakar dare. Kuma jadawalin motsi shi kaɗai rabin labari ne. Sai ka ajiye shi kusa da jadawalin ruwan sama da na tsayin tafki. Idan motsin yana ƙaruwa da damina ya lafa da rani, shekara bayan shekara, ka san halin wurin. Ranar da ya ƙi lafawa bayan ruwa ya ɗauke, ranar ce za ka ɗaga waya.

Na dawo ga rabin tambayarka na biyu. Bayan haurawar ruwa, hanyar da madatsun ƙasa suka fi bi su lalace ita ce zaizayar ciki: ruwan da ke tsattsafowa ya fara ɗibar ƙananan ƙwayoyin ƙasa, ya buɗe 'yar kafa kamar ramin gara, kafar ta yi ta faɗaɗa tana komawa baya zuwa tafkin. Duk wannan yana iya faruwa saman tulin bai gusa ko da milimita ɗaya ba, har sai rufin ramin ya rufta, kuma a lokacin awanni ne suka rage. Eriya ba ta ganin wannan. Abin da ke ganinsa shi ne bututun auna matsin ruwa da aka saka cikin rijiyar burtsatse a jikin tulin, da ɗan shingen auna yawan ruwan da ke ɓullowa a gindinsa, da kuma ido. Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, kuma a wannan sana'a maganar a zahirinta take: maɓuɓɓugar da aka saba gani garau idan ta wayi gari da launin kunu, to ƙasar madatsar ce take fitowa, kuma makiyayin da yake shayar da dabbobinsa a wurin zai riga kowace na'ura sani. Akwai kuma hoton rada daga taurari irin su Sentinel-1 na Turai, wanda tauraro guda yake sake ɗaukar wuri bayan kwana 12. Shi yana duba faɗin yanki ya nuna inda motsi yake, sannan a je a dasa eriya a can, sai dai ciyayi masu kauri da ƙanƙara suna rikita shi.

Nyos ya haɗa duk waɗannan. Tafki ne a ramin aman wuta a yankin Arewa maso Yammacin Kamaru, zurfinsa ya ɗan wuce mita 200, kuma ranar 21 ga Agustan 1986 ya saki iskar kabon dayoksaid (CO2) mai yawa wadda ta shaƙe mutum 1,746 da dabbobi kimanin 3,500. Bangon da ke riƙe da mita 40 na saman ruwansa yana gefen arewa, faɗinsa a wurin da ya fi siranta kimanin mita 45 ne, samansa ya daskare ya yi tauri amma ƙarƙashinsa toka ce da tsakuwa marasa ƙarfi. Haɗarinsa biyu ne a haɗe, domin idan bangon ya ɓalle ambaliya za ta gangara zuwa Katsina-Ala ta shiga Taraba da Binuwai, sannan raguwar nauyin ruwan sama za ta iya sakin iskar da ke narke a can ƙasa. An kafa bututun fitar da iskar a 2001, aka ƙara biyu a 2011, Najeriya kuma ta gina Kashimbila a ƙaramar hukumar Takum domin ya tare ruwan idan abin ya faru. Masana sun yi saɓani a kan shekarun bangon da saurin zaizayarsa, kuma a irin wannan saɓani ne awo na tsawon shekaru yake raba gardama. Amma a ra'ayina, bango mai taurin sama da laushin ƙasa shi ne ainihin irin wanda zai iya cinyewa ta ƙarƙashi eriyar da ke kansa tana nuna lafiya lau, don haka a Nyos zan sa awon tsattsafowar ruwa da duba fuskar bangon ta waje a gaba, tauraron ɗan'adam ya biyo baya a matsayin mai tabbatarwa.

Abin da ya rage shi ne wanda ba a koyarwa a aji. Tashar sa ido tana rayuwa ne da farantin sola da batir da hanyar aika saƙo. Ƙurar hunturu tana rufe faranti cikin mako biyu idan babu mai gogewa, ɓera yana cin waya, batir yana da masu so, kuma ranar da hadari ya fi ƙarfi, wato ranar da aka fi buƙatar bayanan, ita ce ranar da sabis ya fi ɗaukewa. Dole a rubuta tun farko saurin da idan aka kai shi za a ƙara sa ido, da wanda idan aka kai shi za a ce mutane su hau tudu, da sunan muƙamin wanda zai yanke hukuncin da ƙarfe biyun dare, da yadda saƙon zai isa ga mai unguwa da limami da fasto a harshen da jama'ar wurin suke ji. A Nyos saƙon ma sai ya tsallake iyakar ƙasa biyu.

Kai kuma, tun da kana karatun safiyo, kada ka jira sai an kai ka bakin tafki. Ofishin Babban Safiyon Tarayya yana da jerin tasoshin dindindin da ake kira NIGNET, akwai kuma cibiyar nazarin awon ƙasa da motsinta a Toro ta jihar Bauchi, ka nemi malaminka ya haɗa ka da bayanansu. Sannan ku ari na'ura biyu a sashenku, ku ɗaure ɗaya a kan ginshiƙi mai ƙarfi, ɗayar kuma ku ɗora ta a kan katako mai rula a gefe, ku bar su suna aiki kwana uku ba tare da taɓawa ba. A rana ta huɗu abokinka ya gusar da ita milimita biyar ba tare da ya faɗa maka lokacin ko ɓangaren ba, kai kuma ka zauna da bayanan ka nemo su, da farko da lissafin minti-minti, sannan da na awa shida, sannan da na awa 24. Ka rubuto mini wanne ne ya fara nuna maka motsin, da kuma awa nawa suka wuce kafin ka yarda da abin da kake gani.